Maƙullin Jakar Goyo

An kawo mini jaka in gyara, amma ba wanda ya tambaye ni ko na yarda yarinyar ta tafi. Abin da ya ɓata mini rai ke nan, kuma ba zan rage masa komai ba don wani ya ji daɗi. Ni na yi mata wankan farko ranar da ta faɗo duniya, ni na rufe wa uwarta ido, a ɗakina take kwana tun ba ta iya ɗaura zani ba. Amma da dattawan gidan ubanta suka zauna a kan maganarta, ko sallama ba su aiko mini ba. Abin da suka ga ya dace da ni shi ne allura da zare.

Yarinyar jikata ce, 'yar 'yata. Ubanta ya fita gona wata safiya shi da wasu, aka tare su a hanya, sai gawa aka kawo. Uwarta ba ta daɗe ba bayansa, ciwo ya ɗauke ta. A wurinmu kuwa ɗa na gidan uba ne. Kakar wajen uwa tana iya ciyarwa, tana iya jinya, tana iya kwana zaune da zazzaɓi a cinya, amma ranar yanke magana ba ta da baki. Ƙanen ubanta ne ya zo mini nan Kafanchan wata Lahadi bayan an taso daga coci. Ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce an samo wa yarinya wuri a Kaduna, gidan wata madam, gobe da safe za su kama mota. Ya miƙa hannu ya ciro jakar makarantarta daga ƙusar da take ratayewa, ya jujjuya ta, ya ce, "Mama, wannan abin ya karye. Ka ɗan gyara mashi kafin gobe." Ya ajiye mini ita a gaban ƙafa, ya ce zai shiga gari ya ga wani abokinsa, sai yamma.

Jakar goyo ce, irin wadda yara ke ratayawa a baya yanzu, shuɗiya, ta ci rana har ta koma kalar toka. A bakin murfinta akwai maƙullin roba baƙi, mace da namiji. Namijin yana da haƙora biyu, ka cusa shi cikin macen ya ce ƙas, murfi ya zauna. Haƙori ɗaya ne ya karye tun kafin hutu, murfin ya koma yana reto, yarinyar na ɗaure shi da wani tsumma da ta yago daga tsohon ɗankwalina. Na sha cewa zan ba shumeka, ban bayar ba. Ranar kuwa ga hadari ya haɗu ta gabas, ba shumekan da zai biyo layinmu.

Na so in bar ta nan ƙasa ya dawo ya tarar da ita yadda ya ajiye. Na daɗe ina kallonta. Amma ko yarinya ta tafi ko ta zauna, jakar da ba ta rufuwa ba ta da amfani gare ta, kuma ni hannuna in ba ya aiki kaina ba ya tunani. Sai na tashi na shiga bayan ɗaki inda nake tara tarkace. Akwai injin feshin ubanta a nan, wanda ake goyawa a baya a fesa wa ciyawa magani. Tankin ya tsage tun da daɗewa, ba wanda ya nemi a gyara, tun da ciwon nan ya shiga citta ya ruɓar da ita a cikin ƙasa, ba abin da za a fesa wa. Amma igiyoyinsa suna nan lafiya, da maƙulli a jiki, mai kauri, wanda aka yi don ya riƙe nauyin ruwa a bayan ƙato. Na sa reza na yanko shi, mace da namiji. Na ɗauko basillar ɗinkin buhu, na warware zare daga bakin wani buhun masara, na zauna a ƙofa inda akwai sauran haske.

Sai da na kama zaren da haƙori ina ja don in ƙulle shi a ramin basilla, sannan kakata ta faɗo mini a rai. Haka take yi. Duk ƙullin da take so kada ya kwance, da haƙori take ƙarasa shi.

Ƙauyenmu yana can bayan Kachia, inda hanyar mota ta ƙare aka koma ta ƙafa. Ubana ya rasu ina ƙarama, uwata ta koma gidansu, aka hana ta tafiya da ni, na zauna a hannun uwar ubana. Ku riƙe wannan: uwar uba ce. Ita tana da baki. In ta ce a'a a kan jikarta, ba namijin da zai tsallake.

Gajeriya ce, baƙa, ga lofe kullum a gefen baki ko da wuta ko babu. In damina ta janye aka tono citta, sai ta kwashe ni mu hau kan wani falalen dutse a bayan gida. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta riƙa tsaga citta gida biyu da wata 'yar wuƙa da ta cinye har ta koma kamar tsinke, ni kuma ina shanyawa, cikin a sama, bayan a ƙasa. Dutsen yana da ɗumi har bayan rana ta faɗi. Ƙamshin nan yana shiga ko'ina, cikin gashi, cikin tabarma, har kunun acca sai ka ji yana yaji. Yatsunta sun dafe, fatar ta tsattsage, in ta shafa mini fuska idona ya yi ta ruwa. Ba ta da yawan magana. In na yi daidai ta ce "to," in na yi ba daidai ba ta ce "to," sai dai ka bambanta ta tsawonsa. Ina son matar nan. Na faɗa tun yanzu, don abin da zai biyo baya kada ku ce ƙiyayya ce.

Hausarta ta kasuwa ce: nawa, rage, ba na sayarwa, sai gobe. Sai kuma waƙoƙin sujada da take rerawa tun daga farko har ƙarshe ba ta san rabin abin da suke cewa ba. Ni ko wannan ban da shi. A gida yarenmu muke yi.

Akwai wani dillalin citta da ke zuwa mana a kan keke, da buhuna a ɗaure a baya. Mutumin wajen Nok ne, yarensa daban da namu, ba ya jin namu ba ma jin nasa, saboda haka shi da kakata sai Hausa, kowa da irin tasa. Wata shekara da acca ba ta yi ba, ya zo ya tarar da mu a kan dutsen. Ya tsuguna ya ɗebi citta ya karya ya shinshina, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce wa kakata, kuma na riƙe sautin maganar ko da yake a lokacin ban san ma'anarta ba, don sun maimaita ta a gabana:

"Akwai matan wani mai aikin jirgi a Kafanchan, yana neman yarinya. Ya haifi yaro. Shi zai goya shi."

Kakata ta cire lofe. "Zai goya shi?"

"Zai goya shi."

Ta mayar da lofen. Bayan ya tafi ta gaya mini da yarenmu cewa wata mata a garin jirgin ƙasa za ta ɗauke ni ta rene ni kamar 'yar cikinta. Zan ci shinkafa, zan sa takalmi, zan shiga makaranta.

Wanda aka haifa cikin Hausa zai yi dariya a nan, ko kuma ya kasa gane inda matsalar take, to bari in buɗe muku. A Hausarmu ta wannan yanki, a bakin mutane da yawa, babu mace. Kowa "shi" ne. Uwa shi, amarya shi, akuya shi. Ba ma jin komai a ciki, don yarukanmu ba su raba mace da namiji a wannan wuri ba. Ita kuma kalmar goyo baki biyu gare ta: akwai goyon da za ka ɗora jariri a baya ka ɗaure, akwai goyon da za ka ɗauki ɗan wani ka rene shi ya zama mutum. A cikin maganar dillalin nan mu uku ne, matar, da ni, da jaririnta, kuma dukanmu "shi." Wani zai goya wani. Wane ne a sama, wane ne a ƙasa, maganar ba ta faɗa ba.

Ranar tafiya kakata ta shimfiɗa wani tsohon zani ta zuba kayana: riga ɗaya, 'yar ƙwarya, dunƙulen gyaɗa soyayya, da ɗan guntun citta wai saboda ciwon ciki. Ta haɗa bakin zanin ta ƙulle, ta sa haƙori ta ja har wuyanta ya yi jijiya. Dillali ya ɗora ni a kan buhuna a bayan keke, muka gangara har bakin titi, daga nan muka hau babbar mota. Ina ta murna. Ban ma waiwaya ba.

Barikin ma'aikatan jirgi layi-layi ne, gidaje iri ɗaya, ga warin kwal da baƙin mai da ban taɓa ji ba. Da jirgi ya yi kuka na farko sai da na durƙusa na toshe kunne. Matar ta fito, doguwa, mutuniyar kudu ce, ita ma Hausarta ta kame-kame. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ni, ta danna kafaɗuna da hannu biyu ta ga ko zan lanƙwashe. Ban lanƙwashe ba. Ban ko sauke ƙullin kayana ba ta shiga ta fito da jariri, ta ce in sunkuya, ta ɗora mini shi, ta kawo tawul ta ɗaure a ƙirjina har numfashi ya yi mini wuya.

Kun san abin da na zata? Na zata al'adar garin ce. Na ce a raina wataƙila a nan sai ka fara goyo tukuna, sannan a zo kanka. Na yi kwanaki ina jiran a zo kaina. In ta fito daga ɗaki sai in gyara tsayuwa in dube ta. Ita kuwa sai ta duba ko yaron ya yi barci, ta koma.

Yaron ƙato ne, mai cin abinci, ni kuwa ƙashi da fata. Fitsarinsa ya gangaro mini da ɗumi, ya huce ya koma sanyi, ya bushe a jikina, wani ya biyo. Bayana ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, tawul ya riƙa mannewa, in za a kwance sai an jiƙa da ruwa. Na koyi shara da shi a baya, wanke-wanke da shi a baya, na koyi yin gyangyaɗi a tsaye, goshina jingine da bango, ƙafafuna suna ci gaba da jijjiga shi ba da sanina ba. Da damina nakan tsaya a ƙarƙashin kwano ina kallon ruwa na zuba a kan layin dogo, 'ya'yan barikin suna wucewa da gudu da allunansu a ka. Makaranta tana nan kusa, ƙararrawarta tana shigo mana har tsakar gida. Da ita nake sanin lokacin dama wa yaro koko.

Ba zan yi wa matar ƙarya ba, ba muguwa ba ce. Na ci shinkafar. Takalmin ma an saya mini na roba ranar Kirsimeti. In ta doke ni, haka take dukan nata. Ba ta yaudari kowa ba: abin da ta aika a nemo mata, shi aka kawo mata. Da yaron ya fara tafiya ta haifi wani, aka sauke wancan aka ɗora wannan. Da shi ma ya taka ƙasa, ga wata. Ban bar gidan ba sai da ƙirjina ya fara fitowa, tawul ya daina ɗauruwa inda ya saba, aka kuma yi wa mijinta canjin wurin aiki. Har yau in na tsaya a layi, ko a coci lokacin addu'a, jikina yana rangaji hagu da dama shi kaɗai. Matan zumuntar cocinmu suna tsokanata, wai Mama na lallashin iska. Ina taya su dariya. Me zan ce musu?

Na koma ƙauye lokacin citta. Na tarar da kakata a kan dutsen nan, ta ƙara ƙanƙancewa, idonta ya yi hazo, tana tsaga citta da lalube. Ta shafa fuskata ta ce na girma. Na zauna ina shanya mata kamar jiya na tashi. Sai can na ce, da yarenmu, inda ba wurin ɓuya, "Kin ce za a rene ni."

Ta ce, "Haka na ji."

Na ce, "Ba ki tambaye shi ba?"

Wuƙar ba ta tsaya ba. Ta tsaga ɗaya, ta tsaga wata. Sannan ta ce, "Rumbu ba komai a shekarar. Da na tambaya, da ya gaya mini."

Ba mu sake tayar da maganar ba har ta mutu. Na yi mata kuka sosai, ni na wanke zannuwanta. Amma ban yafe wannan ba, kuma fasto ya yi wa'azin gafara a gabana ya fi a ƙirga. Da ta ce mini, jikata, yunwa ce, za ki je ki yi bauta ki ci abinci, da na tafi da idona a buɗe, da ban yi kwanakin nan ina kallon ƙofar ɗakin wata mata ina jiran ta ɗauke ni ba. Ta ga rami a cikin maganar, ta sa ƙafa ta taka a gefe, ta bar ni na faɗa.

Karatu sai da na aurar da 'ya'ya na same shi. An buɗe ajin manya a cocinmu, na shiga da furfurata, ina riƙe fensir kamar muciya. Malamarmu yarinya ce sa'ar 'yata. Wata rana ta ce yau za mu raba mace da namiji, don ta gaji da jin muna ce wa Maryamu uwar Yesu "shi." Aka yi ta dariya. Ta rubuta a allo: za ta goya shi. A ƙasa ta rubuta: za ta goya ta. Ta ce mu karanta. Kowa ya karanta. Ni kuwa ina kallon 'yan haruffan nan na ƙarshe, ƙanana, ko faɗin farcena ba su kai ba. A ce duk ƙuruciyata a tsakaninsu ta wuce. Tun daga ranar na ɗaure wa kaina cewa ko a kasuwa, ko da faɗa nake yi, sai na ba mace "ta" ɗinta. Mutane na cewa ina iyayi. Su faɗa.

Duk wannan ina tunaninsa hannuna yana aiki. Na farke ɗinkin tsohon maƙullin, na cire shi. Igiyar injin feshin ta fi ta jakar faɗi, sai na naɗe bakinta na rage da reza, na ɗauko garwashi daga murhu na ƙona gefen don kada ya zare. Warin robar ya cika ƙofa. Na goga zaren a jikin kyandir ya yi santsi. Basilla ta ƙi shiga inda ya yi kauri, sai da na dafa gindinta da murfin kwalba na tura, sau ɗaya ta zame ta shige mini ƙarƙashin farce. Na tsotse jinin na ci gaba. Na yi ɗinkin murabba'i, na ratsa shi da gicciye, yadda ake yi wa hannun buhu. Macen a jikin murfi, namijin a ƙasa. Farko na juya namijin baibai, ya ƙi shiga, na farke na sake.

Ruwa ya fara sauka lokacin da jikata ta shigo da gudu daga maƙwabta. Ta riga ta ji labari, an gaya mata kafin ni. Ta faɗo jikina tana haki. "Kaka, wai gidan bene ne. Wai akwai talabijin har a ɗakin kwana." Ta ɗauki jakar ta cusa maƙullin, ya ce ƙas. Ta buɗe, ta sake rufewa, ta sake. "Ya fi na da ƙarfi. Ina kika samo?" Na ce a tarkace. Ta rataya jakar ba komai a ciki tana zagaya ɗaki, tana tambayata ko ta tafi da kayan makarantarta ko za a ɗinka mata sababbi a can. Na duba kafaɗunta. Sirara ne, amma ba za su lanƙwashe ba. Duk wadda ta danna za ta ce sun yi.

Ƙanen ubanta ya dawo da yamma a jiƙe. Na ba shi tuwo, na bari ya ci ya wanke hannu, na aiki yarinyar ta kai wa maƙwabciyata kwano. Sannan na ce, "Madam ɗin nan, tana da jariri?"

Ya ce, "Eh, ya haihu kwanan nan. Shi ya sa ma yana so mutum a gida."

"To wa zai goya wa?"

Ya yi dariya. "Mama, ka fara wannan Hausan makaranta naka."

"Na fara. Amsa mini."

"Zai riƙe shi kamar nashi. Ya ce zai sa shi a makaranta."

"Wa za a sa? Jaririn?"

"Haba Mama."

"Ka ga makarantar? Ka ga gidan? Ka ga inda za ta kwanta?"

Bai gani ba. Bai taɓa ganin matar ba ma. Wani ɗan cocinsu ne da ke gadi a unguwar ya haɗa su, a waya suka yi magana, gobe ne zai fara taka gidan. Da na matsa sai fuskarsa ta canza, ya ajiye dariyar. Ya ce, "Mama, abeg, ka yi haƙuri. Citta ya mutu. Gonan da ke nesa ba wanda yana iya zuwa. Nawa yaran suna gida, wasu ba su koma makaranta ba. Kai ma ƙarfinka ya ƙare, kana tashi da dafa bango, muna gani. In ka faɗi gobe, wa zai riƙe shi? Manya sun zauna, magana ya ƙare."

Ban iya na ƙi shi ba. Yaron kirki ne, shi ya haƙa kabarin wansa da hannunsa. Kuma abin da ya faɗa a kaina gaskiya ne, ina tashi da dafa bango. Amma na dube shi yana kallon ruwan da ke ɗiga daga kwano, ya ƙi haɗa ido da ni, sai na gane bai san amsar ba ne don bai nema ba. Wayar tana aljihunsa. Tambayar ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya san in ya tambaya za a gaya masa.

Mutane suna cewa zamani ya canza, kuma ya canza. Barikin nan ya tsufa, ciyawa ta rufe wasu layukan, kukan da ya durƙusar da ni yaran yanzu da yawa ba su san shi ba. Ba a zuwa neman yarinya a kan keke, a waya ake yi. Ba a ƙulle kaya a zani, akwai jaka mai aljihu da zif. Yaran ma sun fi mu Hausa, sun fi mu Turanci, jikata tana gyara mini karatu. Amma ku je tasha da safe bayan an gama hutu, ku duba bayan motocin Kaduna da Abuja. Za ku gan su, ƙanana, an yi musu kitso sabo, an shafa musu mai, kowace da wani kawu ko wata anti a gefe, kowace an ce mata makaranta. Wasu ana sa su, ban ce ba a sawa ba. Wasu sai Kirsimeti ka gan su sun dawo da tsohuwar rigar 'yar madam da hannu duk kanta, ka tambaye su aji nawa suke su sunkuyar da kai. Waɗanda suka tura su ba mugaye ba ne. Masu son su ne, irin son da kakata ta yi mini.

Ba ni da ikon hana ta tafiya. In na ɓoye ta, dattawa za su zo su ɗauke ta da rana tsaka, kuma daga ranar ba zan sake ganinta ba. Na san wannan. Amma ba wata al'ada da ta hana tsohuwa shiga mota. In na je na ga jariri na ga tawul ban ga makaranta ba, to a nan za a yi ta, a gaban matar, da kalmomin da ba su da baki biyu, sannan dattawa su zo ƙofata su same ni.

Da gari ya waye na yi wa yarinyar wanka, na shirya mata kayanta a jakar, har da na makarantar. Na zuba zannuwana da maganin ƙafata a leda. Na kai wa maƙwabciyata makullin ɗaki, na ce ta riƙa watsa wa kaji dusa, ban san ranar dawowa ba. Ƙanen uban ya ce mu same shi a tasha, mun riga shi isa. Na ce wa kwandasta mutum biyu ne, na tura yarinyar ciki wajen taga, na kama ƙarfen ƙofa na ja jikina na hau, na zauna kusa da ita.

Ya iso yana waige-waige, sai ya gan ni ta gilashi. Ya leƙo. "Mama, ina za ka?"

Na ce, "Inda za ta."

"Madam bai ce a zo da wani ba fa."

Na ce, "Zan gaya mata da bakina. Shigo ka zauna, kana tare wa mutane hanya."